Gidan da Ya Fi Ƙarfin Magadansa

"Alhaji, wurin nan ya yi kuɗi." Da wannan dillalan gidaje ke buɗe zance a Fagge da unguwannin cikin birnin Kano da ke dab da kasuwa. Wanda ya saurara da kunnen basira zai ji ba su ce gidan ya yi kuɗi ba, wurin suka ce. Mai saye ba ruwansa da zaure, ba ruwansa da azarar da kakan gidan ya sa aka jera, balle rijiyar tsakar gida da layi guda ke ɗiba. Tambayarsa ita ce ƙafa nawa ne faɗin, ƙafa nawa ne tsawon, kuma ko mota za ta iya tsayawa a ƙofa ta sauke dila. In aka daidaita, kafin wata biyu katafila ta iso. In lungun ya yi mata ƙunci, sai a zuba 'yan ƙwadago da diga da shebur.

Bahaushe bai taɓa raba ginin gida da mutanen da ke cikinsa ba. In ya ce "ina gida?" ba lafiyar katanga yake tambaya ba. In aka ce yarinya 'yar gidan mutunci ce, ko wane ɗan gidan malamai ne, babu wanda hankalinsa ke zuwa kan tubali da makuba. Maigida, uwargida, ɗan gida, baran gida, kowa da gida ake auna matsayinsa. Ginin da mutane suka watse suka bari kuwa sunansa daban, kango ake ce masa. Abin da ya sauya a zamanin nan shi ne an samu masu kuɗi a hannu da ke tsayawa a ƙofar gida cike da mutane, ana daka, yara na karatun allo a zaure, amma idonsu kango yake gani, suna lissafin shago nawa zai fita.

Ba baƙi nake kuka da su ba, ba kuma kasuwa ba. Wanda ya ce Kano ta lalace saboda baƙi sun shigo bai san Kano ba. Sunayen unguwanninta ma sun isa shaida: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna tun kafin a ga Bature. Wasu kuma sana'a ce ta raɗa musu suna, irin su Soron Ɗinki da Dukawa da Takalmawa. Fagge kanta zangon fatake ce a bayan ganuwa, inda ayarin Azbin ke sauke kaya. Tun da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, kasuwa da unguwa suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Falke ya sauka a gidan fatoma, ya ajiye hajarsa a soronsa, ya ci tuwon gidansa, fatoman ya yi masa dillanci. In zama ya yi daɗi a ba shi mata, jikokinsa su tashi 'yan unguwa. Ko da jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Kwarori suka kafa kantuna a gefen Fagge, kantin na ƙasa ne, iyalin mai kanti na sama ko na baya.

A wancan zaman kasuwa tana da lokacinta. Ta ci da hantsi, ta tashi da magariba, kowa ya koma gida. Yanzu cin nata ya zama wani iri. Za ka ji an ce "kasuwa ta ci layin nan", kuma abin da ake nufi ke nan, ta cinye shi. Kantin Kwari ta tsallaka titi ta shiga Fagge gida-gida. Kasuwar Singa ta yi haka, ta Ƙofar Wambai ta yi haka. Inda gida yake jiya, yau filaza ce hawa uku, shaguna a ƙasa, sito a sama. Da isha a ja ƙyauren ƙarfe a datse, ba kowa sai maigadi da tocilarsa. Ba a raɗin suna a filaza, ba a zaman makoki, ba mai fito da akushi bayan magariba a haɗu a yi ciyayya a dakali.

Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan tara, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙirgawa ba, haihuwa kuwa ba ta tsaya ba. Rikicin arewa maso gabas ya koro mutane daga Barno da Yobe, daga baya na 'yan bindiga ya koro wasu daga Zamfara da Katsina, mai hali da marar hali duk Kano suka nufa. Sai kuma naira. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari, buhun siminti ya haura naira dubu goma. Duk ɗan kasuwar da ya ga jarinsa na zagwanyewa a banki ya san inda zai kai shi, domin ƙasa ba ta ruɓewa, ba ta kwana ta rage daraja. Haka gida ya tashi daga wurin kwana ya zama ma'ajiyar dukiya, kuma mai neman wurin kwana ba zai iya tayi ɗaya da mai neman ma'ajiya ba.

Sai dai kuɗi kaɗai ba ya fitar da mutane daga gidan ubansu. Dattijo nawa aka yi wa tayin da bai taɓa mafarkin riƙe irinsa ba, ya ce albarka, ya koma kan buzunsa? Ƙofar da kasuwa ke bi ta shiga unguwa ita ce rabon gado, kuma a nan ne nake ganin kalma guda tana mutuwa a bakinmu, wato fansa.

Maigida ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha wani abu. Shari'a ta fayyace rabon kowa: matan su raba tumuni, namiji ya ɗauki ninkin rabon mace. Amma gida mai ɗaki takwas ba ya yankuwa kashi ashirin, don haka sai a yi masa kuɗi. A da, in aka ƙiyasta, sai babban wa, ko duk wanda Allah ya buɗa wa a cikin 'ya'yan, ya ce zai fanshi gidan. Ya sayar da gonarsa ta bayan gari, ya haɗa da ɗan jarinsa, ya biya ƙannensa rabonsu, wani lokaci ma kaɗan-kaɗan cikin shekara biyu ko uku, ba mai matsa masa. Gida ya tsaya a hannun jini. Uwa ta ci gaba da zama a ɗakinta. 'Yar da aure ya mutu tana da inda za ta dawo, wanda ya tafi Ikko neman kuɗi ya san inda zai sauka da salla. Kalmar da aka zaɓa wa wannan aiki ba ƙarama ba ce. Da ita ake faɗin 'yantar da bawa, da ita ake faɗin sayen Alƙur'ani, domin bakin Bahaushe ya ƙi ya ce ya sayi abin da ya fi ƙarfin ciniki. Gidan uba yana cikin wannan sahu. Ba a sayensa daga 'yan'uwa, fansarsa ake yi.

Fansa tana yiwuwa ne muddin kuɗin gida bai yi wa samun mutanen gidan nisa ba. Malamin makaranta, ko tela, ko mai tebur a Kwari, zai iya fansar gidan da aka ƙiyasta a matsayin wurin zama. Ba zai taɓa iya fansar wurin da aka ƙiyasta a matsayin shago arba'in ba. Ga inda abin yake da ciwo: ranar da aka ce wa magada gidansu ya yi daraja, ranar ce aka shaida musu ya fi ƙarfinsu. Kowannensu ya yi arziki a takarda, amma ba ɗaya daga cikinsu da zai iya riƙe gidan. Gwargwadon hawan farashi, gwargwadon tabbacin cewa bare ne zai saya.

Ba na ganin laifin ƙanwar da ta ce, "Yaya, ni dai a ba ni haƙƙina, marayu gare ni." Haƙƙinta ne, Allah ne ya ba ta, kuma an daɗe ana danne gadon mata da sunan kada gida ya watse, yayyensu maza na zaune a ciki da iyalansu shekara da shekaru ba ko sisin haya. Zumuncin da aka gina a kan haƙurin mace ɗaya ba abin kewa ba ne. Ba na kuma ganin laifin saurayin da ke son rabonsa ya ja jari. Amma ina jin muryar tsohuwar da ke cewa, "Ku bari sai bayan raina." Tumuninta bai kai ya hana komai ba. Shekara hamsin ke nan da aka kawo ta wannan ɗaki, ta san takun kowa a lungun, maƙwabciyarta ce ta karɓi haihuwar 'ya'yanta duka. Wasu 'ya'yan sukan jira. Wasu sukan ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, za mu gina miki wanda ya fi shi," kuma su cika alkawari, da tayil da fanka da banɗaki a cikin ɗaki. Ta koma can ta wuni ba wanda ya leƙo.

Akwai kuma waɗanda ba a ko kiran su zaman rabo, wato 'yan haya. Wani ya shekara talatin a gidan, a nan ya aurar da 'ya'yansa, shi ke jan salla in liman ya yi tafiya, amma ranar da aka sayar abin da ke hannunsa takardar notis ce. Duk gidan da ya zama shago ya rage ɗakunan haya a unguwar, na ragowar kuma ya hau. Mai gidan da ke karɓar kuɗin wata a da, yanzu na shekara yake nema, ga la'adar dillali a kai.

Ranar da aka kammala cinikin gidan, babban magaji ya miƙa hannu ya ce ya sallama. Da sallama baƙo ke tsayawa a ƙofar wannan zaure tun zamanin kakansa, da ita kuma matan gidan za su bi maƙwabta ɗaki-ɗaki ana yafe juna kafin a ɗora kaya a akori-kura.

Daga nan sai a tashi. Farashi ya tashi, mutanen gida sun tashi, in aka jima a ce unguwar ta tashi. Kuɗin da ya yi kama da dukiya a dunƙule, in aka kasa shi ashirin, abin da yake saya wa kowa ɗan fili ne a bayan gari, can Ɗorayi ko Rijiyar Zaki ga wanda rabonsa ya yi kauri, ko gaba da Bachirawa, ko Rimin Kebe, ko Gaida, ko hanyar Panshekara. Yawanci awon igiya ne, gonar da mai ita ya yayyanka ba tare da tsarin hukuma ba, ba a bar wa makaranta wuri ba, ba a bar wa kwata hanya ba. Siminti ya cinye ragowar kuɗin kafin a kai linta. 'Yan'uwan da suka tashi a tsakar gida ɗaya sun watsu kusurwa huɗu ta gari. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma gaskiya ne, amma da can ƙafar taku ashirin take yi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gaida uwa ya zama abin da ake lissafa wa kuɗin adaidaita-sahu zuwa da dawowa. Maza su kam kullum suna komowa cikin gari, don a nan abincinsu yake. Mata ne ke yin asarar da ba a ƙirgawa: adashin layi ya watse, masu sayen ƙosai da ɗan wake da aka saba aika yara wurinsu sun yi nisa, ba wadda za a bar wa jariri a je asibiti. Za a yi sabon sabo a can, ana ma yi, domin mutum ba ya zama ba maƙwabci. Amma irin sanin da ke sa dattijo ya tsawata wa ɗan wani a hanya, uban ya zo ya yi godiya, ba a shekara biyar yake samuwa ba.

Wanda na fi tausayi shi ne wanda bai sayar ba. Shi ba a ba shi ko kwabo ba, amma an ɗauke masa wani abu. Gida guda in ya fita daga layi kamar haƙori ne ya faɗi, na gefensa ma sai su fara girgiɗi. Bene ya tsaya masa a ka, ya tare iska da hantsi. Tagogin sito suna kallon tsakar gidansa, matansa ba su da sakewa ko a bakin murhu. Janareta na ruri tun safe, 'yan dako da masu kura sun cika lungun da yaransa ke wasa. Ruwan rufin filaza, da ba a yi masa hanya ba, yana zuba a gindin katangarsa ta ƙasa. Sahun asuba a masallacin layi ya koma mutum shida. Bayan shekara uku shi da kansa zai aika a kira dillalin da ya kora.

Malamanmu sun san wannan matsala tun kafin a san siminti. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birni, daga Risala zuwa sama, ya hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabcinsa, ya hana duk ginin da zai cutar da shi. Akwai kuma babin shuf'a, haƙƙin abokin tarayya ya karɓi rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, a kan kuɗin da aka sayar. Sai dai a mazhabarmu wannan haƙƙi na wanda ake tarayya da shi ne a dukiyar da ba a raba ba, bai kai ga maƙwabci ba, Hanafawa ne suka ba maƙwabci. Abin da shari'a ba ta wajabta ba, al'ada ta cike shi: ba a sayar da gida sai an fara yi wa na jikin katanga tayi, kuma mai unguwa ba ya sa hannu sai ya san wanda zai shigo da abin da zai yi da wurin. Har yanzu akan yi wannan tayi don fita kunya. Amma shuf'ar da tayin duka cuta ɗaya ta kama su da fansa, domin haƙƙin ka riga kowa saye ba ya amfanar wanda ba shi da kuɗin sayen.

Ana kiran duk wannan ci gaba, kuma ba zan ce ƙarya ne gaba ɗaya ba. Na ƙi in bi masu cewa ci gaban mai haƙar rijiya ne su tsaya a nan, don wanda ya zauna a lungu ya san wahalarsa. Ya san katangar da ke faɗa wa mutane a watan Agusta, da yaɓen da ake sakewa duk shekara, da mai naƙudar da ake ɗaukowa a hannu zuwa bakin titi saboda mota ba ta shiga. Shagunan nan kuma samarin unguwa da yawa a cikinsu suke samun na tuwo. Abin da nake ƙi shi ne a gina ba tare da an tambayi wurin abin da zai iya ɗauka ba. Kududdufan birni, waɗanda ramukan ɗibar ƙasar gini ne tun asali, su ke shanye ruwan damina. An cike su da shara an yanka filaye. Badalar da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa tsakanin 1095 da 1134, an ci gefenta har wasu wuraren sai an nuna maka inda take. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, 'yan kasuwa suka ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe magudanai, kuma a ƙarshen watan Agustan shekarar wani bene da ake ginawa ya rufta a titin Beirut. Da sabuwar gwamnati ta hau a 2023 ta yi rusau a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare, gari ya rabu biyu, magana ta kai kotu. Amma duk wannan taƙaddama a kan filayen gwamnati aka yi ta. Unguwar da ake cinyewa gida-gida, da yardar mai sayarwa da mai saye, da shaidu da sa hannu, ba ta da wanda zai kai ƙara, domin a ido ba a zalunci kowa ba.

Alhali akwai mai alhakin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar birane a hannun gwamna amana, kuma mayar da gidan zama wurin kasuwanci abu ne da ke buƙatar izinin hukumar tsara birni, KNUPDA. Hukumar da ke da ikon ba da izini tana da ikon cewa daga wannan layi zuwa wancan kasuwa ta tsaya, ko ta ce duk wanda zai gina shago a ƙasa ya gina wurin kwana a sama, tagoginsa su kalli titi, ruwansa ya bi kwata. Tana kuma da ikon ta ƙi duba takarda sai an ji ta bakin mutanen da ke jikin katanga. Wannan ba zai sauke farashi ba, amma zai sa mai saye ya daina kallon kowane gida a matsayin kango.

Iyalai ma ba a ɗaure hannunsu yake ba. Akwai gidajen da magada suka ƙi kasa kuɗin, suka fasa gaban gidan aka fitar da shago uku ko huɗu, ana raba kuɗin haya duk shekara bisa rabon gado, mace ta karɓi nata a hannunta, tsohuwa na zaune a ɗakinta a ciki. Akwai masu ba ɗan kasuwa gaban ya gina ya ci shekarun da aka yi yarjejeniya, sannan ginin ya dawo wa gida. Akwai kuma hubusi, wanda Kano take da hukuma sukutum mai ɗauke da sunansa tare da zakka, amma mun fi saninsa a kan masallaci da makaranta, alhali mutum na iya tsayar da gidansa hubusi ga zuriyarsa, a amfana da shi ba a sayarwa. Sharaɗin shi ne ya yi tun yana da lafiyarsa, ya kuma fitar da shi daga hannunsa, domin in ya bari sai a gadon ciwo ya zama wasiyya, ita kuwa ba a yi wa magaji. Ko wanne aka zaɓa, sai an rubuta, da shaidu, a gaban alƙali, an ambaci sunan kowace 'ya da abin da za ta riƙa karɓa. Nauyin yana kan maigida ya tara 'ya'yansa maza da mata tun yana tafiya masallaci da ƙafarsa, ya buɗe zancen da muka saba ɗauka fatar mutuwa ne, ya kuma saurari wadda za ta ce ita kuɗinta take so.